Kalmasa, Wibin da Shekarar da Ke Gabana

Kafin ka ci gaba da karanta wannan shafi, kama bakin rigar da ke jikinka ka juya cikinsa ka duba. 'Yan uwana mata, bakin hijabi ma ya isa. Ɗaya daga cikin abu uku za a gani. Ko dai an naɗe yadin sau biyu an bi shi da ɗinki layi ɗaya, wato kalmasar da iyayenmu suka sani tun zamanin keken hannu. Ko kuma a ga wani zare ya nannaɗe bakin yadin kamar an yi masa kitso, sannan aka lanƙwasa sau ɗaya aka ɗinke, wannan shi ne abin da teloli ke kira wibin. Na ukun kuwa a jikin tishat ake samunsa da kayan 'yan ƙwallo, ta waje layi biyu ne a jere, ta ciki kuma wani zare ne yake kai da kawo tsakaninsu kamar tsani. Akwai na huɗu ma, amma shi ba ɗinki ba ne, rashin kunya ne: ka tarar da bakin yadi tsirara yana zubar da zare kamar gemun masara. Idan naka haka yake, Allah ya ba ka haƙuri, telanka ya ci kuɗinka.

Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a sashen zanen tufafi da ɗinki, kuma shekara biyun nan da na yi, ba abin da ya tsaya mini a rai kamar wannan ɗan wurin da ba kowa ke kallo ba. Abokaina na sashen kwamfuta da na lissafin kuɗi dariya suke mini, wai an turo ni makaranta na ƙare a bakin zane. Ba na jin haushi. Su ɗin ne dai suke ƙwanƙwasa mini ƙofa ranar Alhamis da daddare da riga a hannu, wai bakinta ya warware kuma gobe akwai ɗaurin aure.

Matsalar daga yadin take farawa. Atamfa da shadda da yadin maza saƙarsu iri ɗaya ce, zare na tsaye da zare na kwance suna gittawa. Muddin ka sa almakashi, to ka buɗe wa zaren gefe ƙofa, duk wanki sai wasu sun zare sun fita. Shi ya sa ake kalmasa, a ɓoye yankakken bakin a cikin naɗi. Amma yadi mai roba, irin na tishat da yawancin hijaban da muke sawa yanzu, saƙarsa daban ce. Madauki ne a cikin madauki, kamar hular sanyi. Shi ba ya zarewa sosai, nasa halin shi ne talewa da nannaɗewa. Keken ɗinki na gida kuwa, irin baƙin Butterfly ɗin nan da kusan kowane gida akwai shi, ɗinkinsa zare biyu ne da suke ƙullewa a tsakiyar yadi, ɗaya daga allura, ɗaya daga ƙoshiya. Ɗinki ne mai ƙarfi, amma ba ya miƙewa. Yadi ya tale, zare ya ƙi talewa, to ɗaya ne zai sallama, kuma kullum zaren ne. Wannan ƙarar ɗas-ɗas da kike ji idan kina zura kai a sabon hijabi, ba komai ba ne illa ɗinkin da aka yi wa yadi mai roba da keken da ba nasa ba.

A aji an koya mana cewa kowane irin ɗinki yana da lamba a tsarin ƙasa da ƙasa, ISO 4915. Na keken gida shi ne 301. Wibin mai zare uku 504, mai zare huɗu 514, layi biyun bakin tishat kuma 406. A lokacin na ɗauka haddar jarrabawa ce kawai, irin wadda ake zubarwa a takarda a fito. Sai da na je shago na ga lambobin nan suna da alaƙa da kuɗin da ke shiga aljihu.

Injin wibin, wanda a littafi ake kira obalok, ba sabon abu ba ne. Kamfanin Merrow na jihar Connecticut a Amurka ne ya fito da shi a shekarun 1880, kuma ya daɗe yana zaman kayan masana'anta kawai. Sai a shekarun 1960 wasu injiniyoyi a Japan suka ƙanƙanta shi ya zama na gida, shi ne asalin sunan Baby Lock. A nan wajenmu wanda aka fi gani a ƙananan shaguna shi ne ɗan ƙaramin nan na China mai zare uku, wanda ake ɗaura masa ƙaramar mota a baya. Masu ɗan ƙarfi su sayi na gida mai zare huɗu irin na Brother ko Singer ko Juki, manyan shaguna kuma su kafa na masana'anta mai tebur. Na gidan yana yin ɗinki kamar 1,300 a minti ɗaya. Na masana'anta yana haura 5,000. Ranar farko da mutum zai taka shi sai gabansa ya faɗi, don yadin gudu yake kamar ana fizge shi.

Abin da ya bambanta shi da keke shi ne ba shi da ƙoshiya kwata-kwata. A madadinta akwai ƙugiya biyu, ta sama da ta ƙasa, kowace da zarenta daga babban dunƙule. Ga kuma wuƙa a gaban allura. Yadi na shiga, wuƙa ta datse bakinsa ya daidaita, ƙugiyoyin biyu su haɗu a daidai gefen su saƙa zare a kansa, allura ta kafe saƙar. Aiki uku a taki ɗaya. Kuma saboda saƙar madauki ce, idan yadi ya tale ita ma sai ta tale tare da shi.

Na yi wata huɗu na SIWES a shagon wata mata da muke kira Hajiya, kuma a nan na fara sanin cewa injin nan yana da ɗabi'a kamar mutum. Sati biyun farko ba ta bar kowa ya ɗora yadi a kai ba. Zura zare kawai muke yi, mu cire, mu sake. Akwai tsari: ƙugiyar sama, sannan ta ƙasa, sannan allura. Idan zaren ƙugiyar ƙasa ya tsinke ana cikin aiki, to ba a mayar da shi haka nan, sai an fara zare na allura, in ba haka ba zarurrukan za su gitta juna ya sake tsinkewa nan take. Wata ɗaliba da muka je tare daga wata makaranta ta taɓa cewa, "Hajiya, wai yaushe za mu fara ɗinkin ne?" Hajiya ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "'Yar nan, ɗinkin kike yi ai. Wanda bai iya zura zare ba, ranar da na tafi unguwa shagon rufewa zai yi." Daga baya ne ta nuna mana dabarar da kowa ke yi idan za a canza launi: a yanke tsohon zaren a sama kusa da dunƙule, a ƙulla sabon a jikinsa, a sassauta matsin, a ja a hankali har ƙullin ya fito. Na allura kaɗai ake yankewa a zura da hannu, don ƙulli ba ya wuce idon allura. Ta ce da ta fara nuna mana wannan da ba za mu taɓa koyon hanyar zaren ba, kuma gaskiyarta.

Dokarta ta biyu, fil ba ya zuwa kusa da injin wibin. Keke idan ya hau fil allura ce za ta karye, ka sa wata. Wannan kuwa wuƙa ce za ta ci ƙarfe, ta yi giɓi, daga nan ta daina yanka ta koma tauna yadi. Ga haɗarin guntun ƙarfe ya yi tsalle ya nufi ido. Ta uku, abin da wuƙa ta yanke ya tafi kenan. A keke idan ka karkace sai ka farke ka sake. A nan babu farkewa da za ta dawo da yadin da ya riga ya faɗa kwandon shara. Shi ya sa a shagon ba a yi wa riga wibin na haɗi sai mai ita ta gwada, ko an tabbatar da awo sau biyu.

Yanzu ga inda nake ganin teloli da yawa suke ha'intar mutane ba tare da sun ma ɗauke shi ha'inci ba. Wibin shi kaɗai ba kalmasa ba ne. Za ka ga an yi wa bakin siket wibin an bar shi haka a sake, wai an gama. A'a. Wibin rufe yankakken baki yake yi. Bayansa sai an lanƙwasa, an goge da dutsen guga, an bi da ɗinki. Amfaninsa a nan shi ne naɗi ɗaya ya wadatar maimakon biyu, don haka bakin ba ya yin kauri. A yadi mai nauyi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin kalmashe mahaɗar wandon jins sau biyu a keken gida ya san yadda allura ke kuka.

Inda na fi son injin nan shi ne bakin da yake zagaye, irin na doguwar riga mai buɗaɗɗen ƙasa. Lissafi ne mai sauƙi: gefen waje ya fi inda za a lanƙwasa tsawo, don haka idan ka naɗe sai rarar yadin ta taru ta yi ƙundumi-ƙundumi. A injin mai zare huɗu akwai wani maballi da ke sarrafa haƙoran da suke jan yadi, domin jeri biyu ne, na gaba da na baya, kuma ana iya sa su ja da sauri daban-daban. Lambobinsa daga 0.7 ne zuwa 2.0. A kan 1 tafiyarsu ɗaya. Idan ka ɗaga sama da 1, na gaba suna turo yadi fiye da yadda na baya ke fitar da shi, sai bakin ya ɗan tattare. Ɗan wannan tattarewar ita ce take shanye rarar, ka lanƙwasa ka ga ya kwanta luf. Kuma kafin duk wannan, riga mai irin wannan yankan ana rataye ta ta kwana, saboda wuraren da aka yanka a karkace suna saki su ƙara tsawo. Wanda ya kalmashe ta a ranar da ya yanka, bayan sati ɗaya mai ita za ta dawo da riga gefe ɗaya na share ƙasa, ɗayan yana sama da idon sawu. Lokacin Sallah ba mai jiran riga ta kwana, shi ya sa idan kika tsaya a filin idi kina kallon bakin riguna za ki sha kallo.

Maballin nan dai shi ne maganin bakin hijabi mai kama da igiyar ruwa. Yadi mai roba idan ƙafar inji ta danne shi sai ya tale yana shiga, a ɗinke shi a tale, ya fito ya kasa komawa. A ɗaga lambar zuwa 1.3 ko 1.5, wani yadin har 2.0, sai ya fito a miƙe. Abin dariyar shi ne, idan aka saukar da ita zuwa 0.7 da gangan, wannan lanƙwashe-lanƙwashen da muke gudu shi ne yake zama ado a bakin rigunan yara, har a ƙara kuɗi a kansa. Ƙaramin injin nan mai zare uku ba shi da maballin, sai dai hannun mai ɗinki ya yi aikin, kuma ba kowane hannu ne ya iya ba.

Sai siririn bakin mayafi. Shifon da ire-irensa ba sa son kalmasar keke, santsi gare su, suna zamewa, naɗin ya fito wani wuri fāɗi wani wuri siriri. A injin wibin sai a cire allurar hagu, a janye ɗan yatsan ƙarfen da zare ke saƙuwa a kansa, a ƙara matse zaren ƙugiyar ƙasa, a rage tsawon taki zuwa kamar milimita 1. Da kansa bakin yadin zai mirgina ya shige ciki, zaren sama ya lulluɓe shi ruf. Abin da zai ci wa mutum yini da hannu, minti kaɗan ne. Mata da yawa a unguwanni da wannan kaɗai suke cin abinci, a kawo musu mayafai da hijabai daga shagunan da ba su da injin, a biya su kan kowane ɗaya.

Ɗinkin layi biyun tishat kuwa inji ne daban, kobastic, kuma shi ne wanda har yau ban taɓa mallakar awa guda cur a kansa ni kaɗai ba. Ba shi da wuƙa. Allura biyu ne ko uku a sama, ƙugiya ɗaya a ƙasa. Ana lanƙwasa bakin rigar sau ɗaya, kamar santimita 2 zuwa 2.5, a goge, a ɗinka ta waje. Ka lura, ta waje. Wato mai ɗinki ba ya ganin yankakken bakin da yake so ya rufe, yana ƙasa, sai dai ya dogara da awonsa da gugarsa. Idan ya dace, zaren ƙugiya zai hau daidai kan bakin ya lulluɓe shi. Idan bai dace ba, ko a bar wani leɓe yana reto a ciki, ko allura ɗaya ta faɗa wajen naɗin. A injinan gida tazarar allura biyun milimita 3 ce ko 6. Idan tsakanin layukan ya kumbura kamar kunyar dankali, zaren ƙasa ne ya yi tsauri, a sassauta shi. Idan yana tsallake taki, yawanci allura ce, don yadi mai roba yana son mai dunƙulallen baki wadda ke ratsa tsakanin madaukai, mai tsini kuwa huda zaren take yi, bayan wanki biyu ka ga ƙananan ƙofofi a bin layin.

Amma babban sirrinsa a ƙarshen ɗinki yake. Kowa ya taɓa buɗe buhun shinkafa ko na sukari. Idan ka kama zaren ta gefen da ya dace, ja ɗaya za ka yi ya warware tun daga wannan kunne har wancan. Idan ka kama ta ɗaya gefen, sai ka nemo wuƙa. Dangin ɗinki ɗaya ne da na bakin tishat, sarƙa ce, kuma tana warwarewa ne daga inda aka tsaya zuwa inda aka fara. Shi ya sa idan an zagayo an haɗe, dole a ja zarurrukan allura su koma ciki a ɗaure su, ko a kafe wurin. Aikin daƙiƙa talatin ne.

Wannan daƙiƙa talatin ɗin ce aka hana mu bara. Ajinmu ya haɗa kuɗi aka ba wani mai shago a gari kwangilar rigunan makon sashe. Rigunan sun iso ana gobe taro, da kyau a ido, tambari ya fito raɗau. Kafin la'asar ɗin ranar farko, wani ɗan ajinmu ya ga ɗan zare na reto a bakin rigarsa ya ja. Kafin ya ankara rabin kalmasar na hannunsa. Zuwa ƙarshen mako na ƙirga riguna goma sha ɗaya da aka kawo mini gyara a ɗaki. Da wakilin aji ya koma wurin mutumin, cewa ya yi ai ɗalibai ne ba sa riƙe kaya da kyau. Mu da muke karanta ɗinki! Abin da ya fi ba ni takaici ba kuɗin ba ne. Injin da ya yi aikin mai tsada ne, yadin ba laifi, ma'aikacin ma ya iya, don layinsa a miƙe yake sar. An dai ƙirga cewa daƙiƙa talatin sau riguna masu yawa lokaci ne, kuma ɗalibi ba zai juya ciki ya duba ba kafin ya biya. To shawara kyauta ga 'yan ajin ƙarshe da ke shirin buga fararen rigunan ranar kammalawa: kafin ku biya cikon kuɗi, ku ɗauki guda biyar daga tsakiyar ɗauri, ku nemi inda ɗinkin bakin ya haɗe, ku ɗan ja zaren da ke wurin. Sannan ku kama bakin da hannu biyu ku tale. Idan kun ji ɗas, kada ku karɓa.

Wasu za su ce ai akwai allura mai baki biyu da ake sa wa keke ta fitar da layi biyu. Akwai, kuma tana rufin asiri. Zaren ƙoshiya ne yake yin zigzag a ƙasa tsakanin alluran, don haka yana ɗan talewa, ko da yake bai kai na ainihi ba. Sai dai tana buƙatar keken da ke yin zigzag, mai faffaɗan ramin allura. Tsohon baƙin keken gidanmu raminsa ɗan zagaye ne na allura ɗaya, ƙoshiyarsa kuma a gefe take, don haka kada wata ta ɓata kuɗinta.

Duk wannan dogon bayanin yana da dalili. Kamar kowane mai kammala ND, akwai shekara guda ta aikin sanin makama a gabana kafin in nemi HND. Ina da kuɗin adashe da na tara tun ajin farko daga gyare-gyaren da nake yi a ɗakin kwana, kuma kwasata ta ƙarshe za ta zo daidai da gama jarrabawa. Baba yana so in ajiye su don rajistar gaba. Da na kawo masa maganar inji, sai ya ce, "Ke da kike da keke a ɗakin mahaifiyarki, wane inji kuma? Da shi aka ɗinka kayan aurenta." Na ce, "Baba, haka ne, amma lokacin ba a sa hijabin roba." Ya yi dariya, amma bai ce na saya ba. Ban ga laifinsa ba. Kuɗin makaranta ba ya jiran kowa, kuma ya ga mutane da yawa da suka sayi kayan sana'a suka ƙare an lulluɓe su da tsohon zane a lungu.

Na zauna na yi lissafin abin da ke gāba da ni, don kada son abu ya rufe mini ido. Na farko wuta. Keken Mama da ƙafa ake taka shi, ko an yi sati babu lantarki yana aiki. Injin wibin na gida kuwa idan an ɗauke, ya zama kayan ado. Motarsa ba ta cin wuta sosai, ƙaramin inbata ma zai ɗauke ta, amma dutsen guga fa? Kalmasa ba guga ai ba kalmasa ba ce, sai dai a koma na gawayi. Na biyu zare. Ɗinkin keke yana cin zare kamar ninki biyu da rabi na tsawon abin da aka ɗinka, wibin mai zare uku kuwa kusan ninki 14. Kuma dunƙule uku ko huɗu ake ɗorawa lokaci guda, kowane launi. Hajiya tana rage wannan da dabara, ta sa launin yadin a allura kawai, ƙugiyoyi kuma ta bar su da fari ko baƙi ko ruwan toka, tunda a ciki suke. Amma a siririn bakin mayafi zaren a fili yake, dole ya dace. Na uku gyara. Mai gyaran keke ko'ina akwai shi. Wanda ya iya saita ƙugiyar obalok idan ta goce daga lokacinta, sai an nema, kuma ƙurar yadin da wuƙa ke tarawa a ciki tana shanye mai, kullum sai an share.

A ɗaya hannun kuma, na san abin da nake gani da idona. Masu sayen kaya yanzu sun waye da ɗinkin kamfani, ko ta hanyar gwanjo ma. Mace za ta sayo yadi mai tsada a Kantin Kwari, ta kawo miki, idan ta zo karɓa abu na farko da za ta yi shi ne ta juya cikin rigar. Idan ta ga zare na zuba, ba za ta yi faɗa ba, za ta biya ta yi godiya, kuma ba za ki sake ganinta ba. A layinmu akwai mata huɗu masu keke, kuma dukkansu sai sun tara kaya su ba yaro ya hau Keke Napep ya kai wibin bakin kasuwa, ya bi layi, wani lokaci ya dawo da mayafin wata an yi masa baki da zaren da bai dace ba. Idan injin yana layin, aikin huɗun nan kaɗai ya isa ya sayi zare ya biya wuta, kafin a zo ga nawa ɗinkin.

Na yanke cewa mai zare huɗu zan saya, na hannu idan na samu mai lafiya, saboda maballin jan yadin nan da kuma allura ta biyu da ke ƙara wa haɗi ƙarfi. Kobastic sai nan gaba. Tsadarsa ta fi, aikinsa ɗaya ne tak, kuma kafin in kai ga yawan tishat ɗin da zai mayar da kuɗinsa akwai tafiya. Na gaya wa Baba zan riƙa ware kuɗin rajista daga kowace kwasa in ba Mama ta ajiye, kuma idan wata shida suka cika ban haɗa rabi ba, in sayar da injin. Ya ce zai yi tunani. Wanda ya san Baba ya san wannan ba a'a ba ce.

Saura magana ɗaya ga shugabannin ƙungiyarmu, tunda mujallarku ce. Injin wibin ɗaya ne yake aiki a ɗakin koyon aikinmu, kuma yanzu lokacin furojet ne, kowa da kaya uku ko huɗu da zai gabatar. Ana rufe ɗakin ƙarfe huɗu, wuta kuma sau da yawa sai bayan nan take dawowa. Ba mu ce a sayo sabo ba, mun san halin da ake ciki. Akwai na biyu a kusurwa da aka lulluɓe tun muna ajin farko, mun buɗe mun duba, wuƙar sama ce ta dakushe kuma ƙugiyar ƙasa ta goce. Wuƙa ana sayar da ita a kasuwa, mai saiti kuma mun san inda yake. Takardar da muka rubuta da sa hannun 'yan aji tana ofishin sakataren walwala tun makon jiya.